Hutun Inna Daso

Da ƙafarta Inna Daso ta fito daga asibiti. Tana tangaɗi, gaskiya ne, hannunta ɗaya a kafaɗar ɗiyarta Dije, kanta a aske an rufe ɗinkin da ɗankwali, bayan likitocin Sakkwato sun ciro ƙarin da ya tsiro mata a ƙwaƙwalwa. Amma da ƙafarta ta fito. Mace ce da ta tsufa tana ɗaukar ƙwaryar nono daga Horo Birni zuwa kasuwa, ba ta taɓa tsayawa jiran mota ba.

Kafin a sallame su, Malama Atika, wadda ke koya wa marasa lafiya tafiya da motsa gaɓoɓi, ta zaunar da Dije da yayanta Alhaji Kamilu, dillalin albasa a Boɗinga.

"Aiki ya yi kyau," in ji ta, "amma rabin magani ke nan, sauran yana gida. Kullum a kama ta ta taka, ko da tana dafa bango. A ba ta wake ta tsince. A bar ta ta ci abinci da hannunta, ko za ta zubar. A riƙa jan ta da hira, in an tambaye ta a jira ta lalubo amsa da kanta. Kuma duk mako a kawo mini ita."

Alhaji Kamilu ya yi ta gyaɗa kai har hularsa ta karkace. "In Allah ya yarda, Malama. Uwa ce fa."

Suna shiga mota ya dubi ƙanwarsa. "Kin ji ko? Wai tsintar wake. An fasa ma tsohuwa kai, kuma a aza ta tsintar wake."

Dije ta ce, "Yaya, ka bar ni in tafi da ita gida. Can ta saba."

"Ruga? Cikin ƙuda da kashin shanu, ina da rai? Mi mutane za su ce?"

Dije ta haƙura. Damina ta kama, ga gona, ga yara, ga shanun tsohuwar da suka koma hannunta. Ta raka su Boɗinga ta juya.

A ƙofar gida jama'a sun taru. Inna Daso ta zuro ƙafa za ta sauka, sai ɗanta ya sungume ta kamar jaririya.

"Sauke ni, Kamilu, ina iyawa."

"Haba Inna! Ke da taka ƙasa kuma? Kin gama wahala a duniya."

Wani ya ɗaga waya ya ɗauka. Kafin la'asar hoton ya zaga Boɗinga, mata suna nuna wa 'ya'yansu suna cewa ku ga ɗa.

Ɗakin da aka ba ta ya fi kowane ɗaki a gidan. An shimfiɗa masa tayil mai sheƙi wanda ko mai lafiya sai ya taka a hankali. An sa katifa mai taushi, irin wadda in mutum ya nutse ciki sai an ciro shi. Ga fanka, ga talabijin, ga labule mai kauri da ba ya barin rana ta leƙo. Duk mai zuwa dubiya sai ya fara gaida ɗakin da ido kafin ya gaida mai ɗakin.

Kuma masu dubiya ba su yanke ba. Alhaji Kamilu ya kan zauna a bakin katifa ya ba da labarin aikin kamar shi ya riƙe wuƙar. A makon farko ƙarin da aka ciro kamar ƙwan zabo yake. Da aka kwana biyu ya zama goriba. Kafin wata ya ƙare ya kai albasar fadamar Danchadi. In baƙo ya juya ya ce, "Inna, ya jiki?" tsohuwa ta buɗe baki tana neman kalmar, ɗanta ya riga ta.

"Da sauƙi ta ce. Kada a wahal da ita da magana."

In an kawo abinci da baƙi a ɗaki, shi ke karɓe cokali daga hannunta ya ba ta a baki, yana hura kowace loma. In babu baƙi, matarsa Kausar ce ke ba ta, da sauri, don tuwon dare na jiran ta. Ta kowace hanya dai cokali bai ƙara kwana a hannun Inna Daso ba.

Wata safiya tsohuwa ta gaji. Ta mirgina har bakin katifa, ta kama bango ta miƙe. Ɗakin ya juya da ita, ta jira ya tsaya. Ta ja ƙafa a kan tayil ɗin nan mai santsi, ta kama ƙyaure, ta fito tsakar gida. Rana ta sauka a fuskarta, ta lumshe ido.

Kausar tana wanki ta ɗago. "Lah, Inna! Da kanki? Sannu! Taho, taho, ga turmi nan ki dafa."

Ta kusa kai ga turmin ke nan sai Alhaji Kamilu ya yi sallama da baƙi biyu, manyan masu sayen albasa da yake so su ga yadda yake riƙon mahaifiyarsa. Abin da suka gani shi ne tsohuwa tana layi kamar wadda iska ke kaɗawa, zani ya sassauta, ɗankwali ya zame, ga askakken kai da tabon ɗinki a fili. Ɗaya daga cikinsu ya kau da kai saboda kunya. Alhaji Kamilu ya ji kamar shi aka tuɓe.

Bai yi magana ba sai da baƙi suka tafi.

"Ke Kausar, so kike ta faɗi ta mutu a ce a gidana anka kashe ta?"

"Alhaji, ai likita ce ta ce..."

"Likita ta haife ta? In kai ya sake fashewa, likita za ta zo ta tsaya gaban mutane ko ni?"

Washegari kafinta ya zo ya kafa sakata a ƙofar ɗakin, ta waje. An kawo fo an ajiye a lungu. Alhaji ya bayyana wa duk wanda ya tambaya cewa tsohuwa ba ta san ciwon kanta ba, sai an taya ta sani.

Kausar ba muguwa ba ce. Ta ƙara gwadawa sau ɗaya. Ta zuba wake a faifai ta kai wa surukarta, ta zauna tana kallon yatsun nan suna rawa suna bin tsakuwa. Tsohuwa tana kuskure, tana jefa wake mai kyau cikin datti, amma bakinta na motsi, har ta fara ba da labarin wata shekara da ƙwari suka cinye musu rumbu. Ba ta kai ƙarshen labarin ba maigida ya shigo. Ya ɗauke faifan ya watsa wa kaji.

"Uwata ta zama 'yar aikinki? Gobe kuma sai ki ba ta daka."

Daga ranar Kausar ta bari. Da farko don tsoro ta bari. Daga baya ta lura cewa surukar da ke kwance ta fi sauƙin riƙo: ba a bin ta a baya, ba a share abin da ta zubar, ba a zama jiran ta gama jimla. In zuciyarta ta motsa sai ta ce wa kanta, ni dai abin da maigida ya ce.

Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Makon farko motar albasa ce ta iso daga kudu. Na biyu taya ta yi faci. Na uku Alhaji ya ji labarin cewa a wurin nan ƙwallo ake jefa wa tsofaffi su cafe, ana sa su tsayuwa da ƙafa ɗaya, ga maza na wucewa.

"Ni in kai uwata wasan yara? Allah shi kiyaye."

Da Malama Atika ta kira waya, ya amsa da fara'a. "Alhamdu lillahi, Malama, jiki ya yi kyau. Ai har gudu take son yi, mu ke riƙe ta." Ta ce a kawo ta dai. Ya ce in Allah ya yarda. Bai ƙara ɗaukar lambar ba.

Amma kada a ce bai yi komai ba. Ya sayo wata na'ura wurin masu tallar magani a mota, wadda ake ɗora tafin ƙafa a kai tana kakkarwa. Mai tallar ya rantse cewa zama kaɗan a kanta ya fi tafiya daga Boɗinga zuwa Shagari. In an kawo wuta sai a ɗora ƙafafun Inna Daso a kai, su yi ta rawa su kaɗai, Alhaji yana tsaye yana murmushi.

"Kun gani? Ga tafiya ta taho har ɗaki."

Ƙafafun suka kumbura, sannan suka saɓe, suka koma kamar kara. Kalmomi kuma suka fara zubewa. Cokali ya zama "abin nan". Ta kira Kausar da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun tuni. Ba ta san safiya ba, ba ta san yamma ba, don labule ɗaya ne, fanka ɗaya ce, talabijin kuma ba ya gajiya. Sannu a hankali Hausar da ta koya a kasuwa ta janye, ta bar ta da Fulatancin da aka yi mata goyo da shi.

A gidan nan kuwa babu mai jin sa. Kausar ba Bafulatana ba ce. Alhaji Kamilu ya ajiye harshen tun yana makaranta, ba ya tuna shi Bafulatani ne sai wurin ɗaurin aure in ana zancen asali.

Wata rana ɗaki cike da baƙi, tsohuwa ta yi ta maimaita kalma ɗaya, leɓɓanta a bushe. "Ndiyam. Ndiyam." Ruwa take roƙo.

Alhaji ya ɗaga hannu aka yi tsit. "Kun ji? Haka take wuni. Ambaton Allah ne, ba ta da sauran zance da duniya."

Baƙi suka girgiza kai. "Masha Allah. Allah shi ba mu irin wannan tsufa." Aka shafa addu'a, aka fita, aka ja sakata.

Dije tana kira. Kullum sai a ce mata Inna ta samu barci, ko yanzun nan aka ba ta magani. Sai hotuna su biyo baya: Inna cikin sabuwar atamfa, an jingine ta da matashi, Yaya a gefe riƙe da kofi. Dije ta kan daɗe tana kallon idanun da ke hoton, sannan ta ce wa kanta ai hoto ne.

Da kaka ta yi, ƙungiyar matasan unguwa ta yanke shawarar karrama Alhaji Kamilu a matsayin abin koyi wajen biyayya ga iyaye. Za a kafa rumfa, a yi walima, a fito da tsohuwa a keken marasa lafiya ta sa masa albarka a gaban jama'a. Aka aika Horo Birni dangi su zo su shaida.

Dije ta riga ranar da kwana ɗaya, ita da Kawu Manu, ƙanen Inna Daso, dattijo mai sanda da ƙarancin magana. Maigida yana kasuwa. Dije ta tsaya a ƙofar ɗakin tana kallon sakata.

"Wagga fa?"

Kausar ta sunkuyar da kai. "Don kada ta faɗi ne."

Dije ta zare ta. Ƙamshin turaren wuta ya tare ta, a ƙarƙashinsa kuma wani wari da turare ya kasa rufewa. Ta yaye labule. Abin da ke kan katifa ya ƙanƙance har ta yi zaton tsummoki ne. Ta durƙusa ta gaida uwarta da Fulatanci.

Tsohuwa ta juyo a firgice, kamar wadda aka kira daga nesa. Ta damƙe wuyan hannun ɗiyarta, magana ta ɓalle mata, rabi a karye rabi daidai.

Kausar ta ce a hankali, "Haka take sambatu kullum."

"Sambatu?" in ji Dije. "Cewa take a fitar da ita waje. Cewa take ƙugunta na ci mata wuta. Tun yaushe take faɗin haka?"

Kausar ta kau da kai.

Dije da Kawu Manu suka kama tsohuwar za su tsayar. Gwiwoyin suka ƙi miƙewa, sun ƙage a lanƙwashe yadda katifa ta koya musu. Dije ta ɗaga sabuwar atamfar. A ƙugu akwai gyambo, buɗaɗɗe, yana ruwa.

Nan Alhaji Kamilu ya same su.

"Wa ya buɗe labulen ga? Iska na shigowa!"

"Yaya, dubi nan." Dije ta nuna masa. "Dubi abin da kunka yi."

Ya duba, ya kau da ido da sauri. "Kausar ba ta gaya mini ba."

"Na gaya maka," in ji Kausar. "Ka ce in shafa man zafi, bayan walima a duba."

"To ai bayan walima na ce, ban ce a bari ba! Ku tsaya ma. Mi na rage ta da shi? Nama kullum. Madara. Ko tsinke ban bari ta ɗauka ba. Wane ɗa ya yi ma uwarsa abin da na yi? Ku fita ku tambayi Boɗinga duka!"

Kawu Manu ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. "Boɗinga ba ta kwana ɗakin ga ba, Kamilu."

"Kawu, ku ba ku san ciwon ƙwaƙwalwa ba. Abu ne na ilimi."

"Ban sani ba. Na dai san da ƙafarta ta shigo gidanka. Dije, ɗauko mayafinta."

Sai a lokacin Alhaji ya tsorata da gaske. Ya tare ƙofa. "Kawu, don girman Allah. An kafa rumfa. An gayyaci manya. Ku bar ta gobe kawai, jibi ni da kaina in kai ta duk inda kunka ce."

Dattijon ya dube shi har sai da ya matsa.

A keke mai ƙafa uku suka fitar da ita zuwa tasha, Dije ta rungume ta a cinya. Da suka isa asibiti Malama Atika ta duba gyambon, ta kama gwiwar ta gwada miƙewa, tsohuwa ta yi ƙara. Malama ta saki ƙafar a hankali.

"Ranar da ta bar nan na sa ran ganin ta tana tafiya ba sanda," in ji ta. "Yanzu sai dai mu ceci abin da ya saura. Ba zan yi muku alkawarin gwiwoyin nan ba."

Walima kuwa ba a fasa ba. Alhaji Kamilu ya hau mumbari ya karɓi allon yabo, ya ce dangi sun zo sun ƙwace masa uwa sun mai da ita ƙauye inda ko fanka babu, amma ya bar su da Allah. Muryarsa ta karye, ya share hawaye da hannun babbar riga. Mata suka yi ta kuka. Wani malami ya ce wannan ita ce jarrabawar 'ya'ya na gari. An ci shinkafa an watse, kowa na tausayin Alhaji.

Bayan gyambo ya kame aka kai Inna Daso Horo Birni. Kawu Manu ya kafa turaku biyu a tsakar gida ya gicciya gora. Kullum da hantsi Dije ta kan kai ta ta kama. Tana faɗuwa. Tana zagi. Tana ɓata zani da ƙasa, ta zubar da fura a ƙirji, yara su yi dariya ita ma ta yi. Duk mako kuma Dije ta kan ɗora ta a mota zuwa Sakkwato, ko da kuwa ranar kasuwa ce. Magana ta dawo da kaɗan-kaɗan, Fulatanci da fari, Hausa a baya. Ƙafafu ba su dawo duka ba. Ta kan tashi a duƙe, da sanda, daga ƙofar ɗaki zuwa inda ake tatsa, nan ƙarfinta ke ƙarewa. Hanyar kasuwa ta rabu da ita har abada, kuma ba ƙarin da aka ciro ne ya raba su ba.

Sai da rani ya yi nisa Alhaji Kamilu ya zo, da katan na lemo da wani abokinsa mai riƙe da waya. Ya tarar da uwarsa zaune a tabarma a inuwar zana, tana kaɗa nono a ƙwarya, rabi na fantsala a ƙasa. Ya durƙusa ta gefen da hoto zai fi kyau.

"Inna, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

Ta ɗago ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta gyara mayafi.

"Lafiya lau, ranka shi daɗe. Sannu da zuwa. Daga ina baƙon namu?"

"Inna, ni ne. Kamilu."

"Allah sarki. Sannu, Alhaji. Dije, kawo ma baƙo ruwa, ya sha hanya."

Ya yi ta faɗin sunansa, tana yi masa sannu da zuwa. Abokin ya sauke waya. Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya dubi ƙanwarsa da idon wanda gaskiyarsa ta fito.

"Kin gani ko? Kin ga abin da ƙauye ya yi mata? A gidana ko ba komai ta san ni."

Ya ajiye lemo, ya ce yana da baƙi a Boɗinga, ya shiga mota.

Inna Daso ta ci gaba da kaɗa nononta har ƙarar motar ta ɓace. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Dije, Kamilu ya yi ƙiba. Zama ya yi mishi yawa."